Rasuwar Gwaggo, Motar Malam Yari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, iyalan Malam Yari Mustapha na Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina, suke sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar Gwaggo, wadda ta auku ranar Asabar ɗin da ta gabata da hantsi, a bakin titin Batagarawa, bayan doguwar rashin lafiya da ba a yi jinyarta ba.

Kafin wani ya ɗauki waya ya tayar wa dangi da hankali, Gwaggo Mairo ta Gobarau tana nan da ranta da lafiyarta, har ta zo jaje da ƙafarta. Wadda ta rasu mota ce, shuɗiyar nan mai ƙofa huɗu da kowa ya saba gani a inuwar katangar gidan, da dutse a bayan tayarta.

Marigayiyar ba haifaffiyar ƙasar nan ba ce. Ta Kwatano ta shigo, kuma ko a lokacin ba yarinya ba ce. Malam Yari, wanda malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare, ya kawo ta gida tun 'yarsa Rahama tana firamare, ga shi yau Rahama tana goyo a ɗakin mijinta. Yaran gidan ne suka raɗa mata suna. Suka ce halinta ɗaya da gwaggonsu: ba ta sauri, ba ta ƙin aike, kuma sai ta gama mita sannan ta tashi. Da safe in aka murɗa makulli sai ta ce kir-kir-kir, ta yi shiru kamar mai tunani, ta sake cewa kir-kir-kir, sai a na uku ta yi tari ta kama. Duk unguwar an san wannan muryar. Akwai matan da ba sa duba agogo, da ita suke sanin lokacin tura yara makaranta.

Ta yi rayuwa mai amfani. Ta kai masu naƙuda asibiti, ba na gidan kaɗai ba. Ta ɗauko buhunan gero daga gonar gado ta Batagarawa har bayanta yana shafar ƙasa, ba ta taɓa zubar da ko ɗaya a hanya ba. Ta taɓa ɗaukar ragon layya a kujerar baya, ya yi mata abin da ya yi mata, ta haƙura. Ta raka amare, ta raka gawa. Ba za a ce ba ta da aibi ba, don ba a yabon mamaci da ƙarya: hon ɗinta a dishe yake kamar na mai mura, gilashin direba sai an taimaka masa da tafin hannu yake hawa, ƙofar baya ta dama kuwa ta waje kawai take buɗuwa. Amma a duk zamanta da su ba ta taɓa kwanar da iyalin a daji ba. In za ta mutu, sai ta lallaɓa ta kawo su bakin gareji.

Hauwa'u, matar gidan, ita ta fara jin alamar ciwon, farkon bazara. Suna dawowa daga kasuwa ta ja gyalenta ta toshe hanci.

"Malam, motar nan warin fetur take yi."

"Yanzu na sha mai. Hannuna ne."

"Jiya ma hannunka ne? Ni dai kaina har ya fara sarawa."

Don a yi masa adalci, Malam Yari bai yi watsi da maganar ba. Mutum ne mai bin abu daki-daki, kamar yadda yake koya wa ɗalibansa bin kogi daga mafari. Ya fara da murfin tanki. Ya kwance shi, ya duba robar bakinsa, ya ga ba ta tsage ba, duk da haka ya sayi sabo ya ɗaura. Warin bai tafi ba. Ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ya bar shi ya kwana, da safe ya jawo shi, ya ɗaga shi a rana, babu ɗigo ko ɗaya. Ya buɗe bonet inji yana aiki, ya bi tiyon mai da yatsa daga wannan kai zuwa wancan, yana shafawa yana shinshinawa, ko'ina a bushe. Ya zagaya baya ya tsuguna ya kalli hayaƙin salansa, ko tana ƙona mai fiye da kima, hayaƙin ba baƙi ba ne. Ya kwashe duk tarkacen da ke ƙarƙashin kujeru ko wata tsohuwar jarka ta ɓuya, bai samu komai ba sai takalmin jariri ƙafa ɗaya.

Sai kuma ya lura allurar mai tana sauka da wuri. A wannan zamani da fetur ya zama abin da ya zama, magidanci yana iya mance ranar haihuwarsa, amma ba ya mance inda ya bar allura jiya.

A nan ne labarin ya karkace, kuma a nan ne sunan Sagir ya shigo.

Sagir ƙanen Malam Yari ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kafinta ne, yana da shago a layin masu gareji, yana da mata da 'ya'ya, yana zaune a sashen baya na gidan. Shi ne yake riƙe da makulli na biyu. Duk ƙarshen mako shi yake ɗaukar Gwaggo ya kai mahaifiyarsu, Hajiya Dije, Batagarawa ta gaisa da 'yan'uwanta ta leƙa gona, don gwiwoyinta sun daina yarda da babur. Sagir yana da tsohon babur, yana kuma da ƙaramin janareto a shago. Duka biyun fetur suke sha. Malam Yari bai taɓa haɗa waɗannan abubuwa a ransa ba, sai ranar da ya buɗe but yana ci gaba da bincikensa, ya ga wani siririn tiyo fari a naɗe a lungu. Ya ɗauko, ya kai hanci. Warin fetur.

Abin da bai tsaya ya tuna ba shi ne, a lokacin babu abin da ke cikin but ɗin da ba ya warin fetur. Tabarmar salla ma tana yi.

Da ya kira ƙanensa ɗaki, da wannan sanarwa ba ta kai rabin tsawonta ba. Amma bayan la'asar ne, majalisa ta cika a ƙofar gida, Alhaji Sada maƙwabci yana nan, masu shagunan layin suna nan, sai ga Sagir ya faka babur yana gaisawa da mutane. Malam Yari ya jefa tiyon a kan tabarma.

"Wannan na waye?"

"Nawa ne, Yaya. Tun shekaranjiya nake nemansa."

"To ga shi. Mota na ba ka ka kai Hajiya, ban ba ka rijiya ba."

Sagir ya dubi tiyon, ya dubi yayansa, bai gane ba tukuna. Da ya gane, sai ya yi 'yar dariya irin ta wanda yake fatan wasa ake yi.

"Yaya, tiyon awo ne fa. Ruwa nake zuba masa in daidaita ƙofa da taga. Duk wanda ya san aikin gini ya san shi."

"Ruwa ne yake wannan warin? Miƙo makullin."

Alhaji Sada ya ce, "Haba Malam, a bi a hankali." Wani ya ce a shiga daga ciki. Sagir ya sa hannu a aljihu. Ya zaro makullin daga cikin na shagonsa, sai da ya sa farce ya buɗe zoben, jama'a suna kallo. Ya ajiye shi a kan tabarma kusa da tiyon, ya tura baburinsa cikin gida ba tare da ya tayar da shi ba. Daga ranar ya daina zama a majalisa, ya daina cin tuwon dare tare da yayansa a zaure. In sun haɗu a masallaci yakan gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, har da tambayar gajiya da iyali, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo. Hajiya Dije ta koma zuwa Batagarawa a kurkura, mai ƙafa ukun nan, ana ɗora ta ana sauke ta.

Warin kuwa bai san an kama ɓarawo ba. Ya ci gaba.

Malam Yari ya ce wa kansa saura ne da ya kama kujeru. Ya fitar da shimfiɗun ƙasa ya wanke da sabulu ya shanya. Ya bar gilasai a buɗe. Ya sayi turaren mota ya rataya a madubi, sai warin ya zama na fetur mai turare, wanda Hauwa'u ta ce ya fi na da tayar da zuciya. Allura ta ci gaba da sauka kamar yadda take sauka, alhali makullan biyu suna aljihunsa. Kuma da yake idonsa ba ya iya daina lura, ya lura da abu biyu da bai so ya lura da su ba: warin ya fi ƙarfi ranar da ya cika tanki, kuma ya fi ƙarfi a baya fiye da gaba.

Wata Juma'a, bayan an tashi ɗalibai, ya ja motar bayan ajujuwa, ƙarƙashin wata bishiyar bedi inda ba mai wucewa. Ya ɗaga kujerar baya. Akwai wani ɗan faranti na ƙarfe a wurin, ya kwance shi. Tun kafin ya gama ɗagawa warin ya doke shi har idonsa ya kawo ruwa. Saman tankin ne, inda famfon mai yake. Ƙurar da ta taru a wurin ta jiƙe ta zama baƙin laka. Ya goge da tsumma, sai ga tiyon da ke fita daga famfon ya tsattsage a wuya kamar faso a dunduniya. Ya sa yatsa ya ɗan lanƙwasa shi, mai ya tsatso. Shi ya sa kwalinsa bai kama komai ba: a tsaye ba ta zubarwa, sai tana tafiya, man yana bin saman tanki yana shan iska kafin ya kai ƙasa.

Ya daɗe a tsugune a wurin. Ya gano ciwon da kansa, ba tare da taimakon kowa ba, kuma babu ranar da ya taɓa baƙin cikin yin daidai kamar wannan rana.

Gyaran ba wani abu ba ne, guntun tiyo ne da ɗan aikin hantsi. Amma makanikensa Haruna ne, garejin Haruna kuwa katanga ɗaya ce tsakaninsa da shagon Sagir, tare suke cin abincin rana. Duk abin da Haruna ya gani da safe, Sagir zai ji kafin azahar, layin gaba ɗaya zai ji kafin la'asar, majalisa kuma ta ji kafin magariba. Malam Yari ya hango kansa a kan tabarmar nan yana cewa ya yi kuskure, a gaban Alhaji Sada, a gaban masu shago, ga ƙanen da shi ya goya. Sai ya ji wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa. Ya samo yankin robar tayar keke ya naɗe tsagar, ya ɗaure da waya, ya murɗe ta tam, ya mayar da faranti, ya mayar da kujera. Ya yi wa kansa alkawari zai kai ta wani gareji can wata unguwa inda ba a san shi ba, da zarar an gama jarrabawa. Kafin nan kuma ba zai bari mai ya wuce rabin tanki ba.

Dabarar ta yi aiki, kuma wannan shi ne mugun abin da ta yi. Warin ya ragu. Hauwa'u ta ce, "Ka ga tunda ka karɓe makullin nan an samu sauƙi." Ta faɗa ne da zuciya ɗaya. Malam Yari ya ce, "Uhm," ya tashi ya bar abincinsa. Aka gama jarrabawa, aka shiga gyaran takardu. Aka gama gyaran takardu, ruwa ya sauka, aka shiga hidimar gona. Kullum garejin can yana nan a gobe.

Ranar Juma'ar ƙarshe ta rayuwarta, Alhaji Sada ya zo aron Gwaggo zai kai surukarsa ganin likita, tasa motar tana wurin fenti. Malam Yari ya buɗe baki zai ce ba ta da lafiya, ya tuna za a tambaye shi me ke damunta, ya miƙa makulli. Allah ya tsare, aka je aka dawo lafiya.

Washegari akwai suna a Batagarawa, jikar ƙanwar Hajiya Dije ce ta haihu. Tun da sassafe tsohuwar ta shirya. Aka taimaka mata ta shiga baya ta dama, aka jera mata ƙullin kayan barka a gefe, Hauwa'u ta shiga gaba da kular abinci a cinya. Malam Yari ya murɗa makulli. Kir-kir-kir. Kir-kir-kir. Ta kama. Ya kai ido kan allura, ya ga ta miƙe tsaye har ta jingina da ƙarshe.

Alhaji Sada yana tsaye a ƙofar gidansa da carbi, fuskarsa cike da fara'a.

"Na ɗan cika maka ita, Malam. Ba a mayar da abin aro da yunwa."

"Kai, Alhaji, har da wahala haka? Allah ya saka da alheri."

Abin da ya ce ke nan. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa a wannan lokacin ya san komai. Ya san fetur yana cin roba, ya san ɗaurin nan ya kwana biyu, ya san a kan me mahaifiyarsa take zaune. Kalma ɗaya ta isa: ku sauko. Amma bayan ku sauko akwai don me, bayan don me kuma akwai Sagir. Sai ya sauke gilasai duka, ya yi bisimilla, ya ce a ransa ai Batagarawa nan ce kusa.

Sun fita gari lafiya. Suna wuce inda gidaje suka fara sirancewa, motar ta faɗa wani rami da ruwan sama ya ɓoye, ta yi tsalle ta dire. Jim kaɗan Hajiya Dije ta yi magana daga baya. Ba ta kiran sunan Malam Yari, ɗan fari ne.

"Kai, wanga wari hwa? Ko shi ma Sagir ɗin ne?"

Ba ta rufe baki ba sai ga ihu daga waje. Wani ɗan acaba ne ya biyo su a guje, ya jera da tagar direba, yana dukan ƙofa da tafin hannu yana ihu.

"Malam tsaya! Wuta! Wuta a ƙarƙashinku!"

Ya taka birki, Gwaggo ta ce ƙiiii ta tsaya a gefen titi. Hauwa'u ta faɗo waje da kula da komai. Hayaƙi ya fara bulbulowa daga bayan kujera. Hajiya Dije tana ta jan marfin ƙofa daga ciki tana salati, ƙofar da duk gidan aka san ba ta buɗuwa ta nan. Malam Yari bai san yadda ya zagaya ba. Ya fizge ƙofar, ya rungumo tsohuwar ta ƙarƙashin hammata, gwiwoyinta suka ƙi, ƙafarta ta maƙale a ƙullin kaya. Wuta ta fasa kujerar ta kama gefen zanenta. Ɗan acaban ya yar da baburinsa ya kama ƙafafun, suka ciro ta tare suka yi cikin gona da ita, Malam Yari yana kashe zanen da tafin hannunsa. Mutane suka taru, masu yashi suna watsawa, wani direban tifa ya kawo abin kashe gobara, amma ta riga ta kama ko'ina. Kowa ya ja da baya.

Tana cikin ci, sai hon ɗinta ya kama da kansa, wayoyi sun narke sun haɗu. Wannan disasshiyar muryar ta yi ta kuka, baaaa, ba tsayawa, har mata suka toshe kunne. Sannan ta sirance, ta yanke. Malam Yari ya ce duk abin da ya faru a ranar, wannan ne yake dawo masa in ya rufe ido. Ko da 'yan kwana-kwana suka kashe sauran, babu abin da ya rage na shuɗi a jikinta.

Hajiya Dije ta ƙone daga idon sawu zuwa ƙwauri. Tana asibiti, likitoci sun ce da sauƙi, amma fatar tsoho ba ta gaggawar haɗewa. Tafukan Malam Yari duka biyu suna naɗe, sai an ba shi abinci a baki. Ɗan acaban ya tafi kafin a tambayi sunansa, iyalan suna roƙon duk wanda ya san shi ya isar masa da godiya.

Sagir ne ya ɗauko gawar. Ba wanda ya aike shi. Daga asibiti, bayan ya ga an ɗaure wa mahaifiyarsa ƙafa, ya nemo motar ɗaukar kaya da sarƙa, ya kai ta garejin Haruna. A can suka leƙa inda kujerar baya take a da. Roba ta ƙone, tiyo ya ƙone, amma waya ba ta ƙonewa. Tana nan a murɗe a wuyan famfon. Haruna ya ce shi dai bai taɓa buɗe wurin ba. Sagir ya sa filaya ya kwance ta, ya jefa a aljihu.

Da yamma ya sami yayansa a barandar asibiti, zaune a kan benci, hannuwa a ɗage kamar mai addu'a. Ya gaishe shi, ya yi masa sannu da jiki. Sannan ya ciro wayar ya ajiye a kan bencin tsakaninsu.

"Tun yaushe, Yaya?"

Malam Yari ya dubi wayar. Ya ce, "Tun kafin jarrabawa."

"Kafin ruwa ya sauka ke nan."

"Kafin ruwa ya sauka."

Sagir ya gyaɗa kai a hankali. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Ni na san ban ɗauki manka ba, wannan bai taɓa hana ni barci ba. Na ɗauka kai ne ba ka sani ba, ina ta yi maka uzuri. Kullum in na gaishe ka a masallaci ina cewa Yaya bai sani ba ne, ranar da ya sani zai kira ni. Ashe ka sani kake amsawa."

"Sagir, ka yafe mini."

"Ɗana ya dawo daga makarantar allo yana kuka, an ce masa ɗan mai tiyo. Wannan ma zan iya jurewa. Amma ka ɗora Hajiya a kai, Yaya."

Ya tashi ya shiga wurin mahaifiyarsu. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba.

Hajiya Dije ta ji komai, don tagar ɗakin a buɗe take. Da Malam Yari ya shiga ya durƙusa a gaban gadon, ta juyo ta dube shi. Ta ce ƙafarta ita ta yafe, ƙafa ce, da ma ta kusa gama aikinta. Ta ce amma sauran ba nata ba ne da za ta yafe. "A gaban mutane ka tuɓe mashi riga. Ba a baranda za ka maida mashi ita ba."

Marigayiyar ta rasu ta bar tayar safiya guda, wadda Allah ya yi wa gyaɗar dogo tana wurin mai faci a ranar. Ta bar jak a hannun wani maƙwabci da ya ara tun bara, ana roƙonsa ya riƙe, ba a da abin ɗagawa. Ta bar dutsen da ake sa mata a taya, yana nan a gindin katanga, an rasa mai zuciyar kawar da shi. Ta bar matan unguwa da yanzu sai sun duba agogo. Ta kuma bar mai ita, wanda yake so a sani cewa ba tsufa ne ya kashe ta ba, ba rami ba ne, ba kuma alherin Alhaji Sada ba ne, don bawan Allan nan tun ranar bai iya cin abinci ba, yana cewa shi ya cika tankin. Ta yi ta faɗin ciwonta wata da watanni da iyakar harshen da take da shi. An ji ta sarai.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ba a yi wa ƙarfe salla, don haka ba a buƙatar liman. Gawar tana garejin Haruna ga mai son ganin ƙarshe, har zuwa hantsi, lokacin da 'yan gwangwan za su zo da sikeli da abin yanka su tafi da ita gunduwa-gunduwa. Malam Yari ya ce zai tsaya a yi a gabansa.

Zaman makoki kuwa na yini ɗaya ne, a wannan Asabar ɗin, a ƙofar gida, bayan sallar la'asar. Ba za a dafa komai ba, kada kowa ya kawo komai, kuma ana roƙon masu zuwa da su rage cewa ƙaddara ce, an riga an san rabon ƙaddara a ciki an san rabon mutum. Ana gayyatar duk wanda yake zaune a majalisa ranar da aka karɓi makulli, da duk wanda ba ya nan amma aka ba shi labari, da wanda shi kuma ya ba wani. Masu shagunan layi su rufe na ɗan lokaci su zo. Malamin makarantar allo ma ana so ya zo da bakinsa da kunnensa. Malam Yari yana da magana, kuma a tsaye zai yi ta.

An aika wa Sagir. Ya ce yana da aikin ƙofofi a Batagarawa ranar, bai san ko zai gama da wuri ba. An ce masa ba komai, za a jira. In magariba ta yi bai zo ba, Malam Yari zai faɗi abin da zai faɗa ga waɗanda suka zo, a tashi a yi salla. Washegari kuma a sake shimfiɗa tabarma.